Me ya sa wanda ya rama ake ba jan kati, mai tsokana kuma ya sha?

Tambayar da wani ƙanena ya turo min daga Idi-Araba ita ce: "Yaya, kai da ka daɗe kana busa wasa, don Allah ka warware mana gardamar da muke ta yi a gidan kallo. Mutum ya yi ta dukan ka yana zagin ka tun farkon wasa alƙali bai ce komai ba, da ka rama sau ɗaya sai jan kati. Wannan ba zalunci ba ne? Kuma wace keta ce ta jan kati, wace ce ta gargaɗi?"

To ƙanena, wallahi tambayar nan ta taɓa ni, don na yi shekaru ina riƙe da usur a filayen unguwanni na nan Legas, daga ɓangaren Agege har Mile 12, kuma babu abin da ya fi ja min zagi kamar wannan hukuncin da kake magana a kai. Amsata a taƙaice ita ce korar wanda ya rama daidai ne, ba zan canza ba ko sau ɗari aka maimaita, amma yawancin lokaci kafin a kai ga wannan ramuwar mu alƙalai mun riga mun yi sakaci, kuma wannan sakacin shi ne ba a cika kallo ba.

Bari in fara da rabin tambayarka na biyu don shi ne mai sauƙi. Dokokin ƙwallo guda 17 ne, hukumar IFAB ce ke rubuta su ba FIFA ita kaɗai ba, kuma duk maganar keta tana cikin doka ta 12. Dokar ta raba keta mataki uku. In ɗan wasa ya je ƙwace ƙwallo ya yi sakaci bai lura ba ya taɗe ka, bugun tazara ne kawai babu kati. In ya shigo da ganganci, ya san zai iya ji maka ciwo amma bai damu ba, katin gargaɗi ne. In kuma ya zo da ƙarfin da ya wuce abin da ƙwace ƙwallo yake buƙata har ya jefa lafiyarka cikin haɗari, wannan jan kati ne kai tsaye. Abin da muke kallo a cikin daƙiƙa ɗayan nan shi ne gudun da ya taho da shi, ƙafarsa a miƙe take ko a lanƙwashe, ƙusoshin takalmi sun fito ko a'a, a ina ya same ka, a kan takalmi ko sama da idon sawu, sannan ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa ko yana da ikon tsayar da kansa. Maganar da kuke yi a gidan kallo ta "ai ya taɓa ƙwallo" ba ta wanke kowa, mutum zai iya taɓa ƙwallo da farko ya wuce ya karya ƙafa, jan kati ne. Haka nan "ai ba da gangan ya yi ba", doka ba ta tambayar niyya a nan, mu ba ma ganin zuciya. Martin Taylor na Birmingham da ya karya Eduardo na Arsenal a 2008, da Shawcross na Stoke da ya karya Ramsey a 2010, duk an ce ba mugaye ba ne, Shawcross ma da kuka ya fita fili, amma duk jan kati suka samu kuma haka ya dace.

Wannan duk a wajen neman ƙwallo ne. Akwai wani laifin daban wanda shi ne ya shafi ramuwa, wato duka ko yunƙurin duka lokacin da ba ƙwallo kake nema ba. Ka riƙe kalmar yunƙuri ɗin nan da kyau. Doka ta ce ko ka same shi ko ba ka same shi ba, in dai ka ɗaga hannu ko ƙafa da nufin duka, ka fita. Kuma in ka taɓa fuska ko kan mutum da hannu da gangan ba a wajen ƙwallo ba shi ma kora ce sai dai in taɓawar ba ta da wani ƙarfi sam.

Mu 'yan Najeriya, mu Hausawa ma musamman, babu wanda zai koya mana zafin wannan dokar, mun ɗanɗana. Ranar 17 ga Yuni 2010 a Bloemfontein, a gasar cin kofin duniya, muna cin Girka ɗaya da nema Kalu Uche ya ci, wasa na hannunmu, minti na 33 ƙwallo ta fita Sani Kaita ya ɗan yi tureriya da Torosidis na Girka a bakin layi, sai ya ɗaga ƙafa ya kai masa. Dukan bai kai ya kawo ba, kowa ya gani, Torosidis ya faɗi yana birgima fiye da abin da aka yi masa, alƙalin wasa Oscar Ruiz ɗan Kolombiya ya zaro ja. Kaita ya rufe kansa da riga ya fita. Girka ta farke kafin hutun rabin lokaci, sannan shi Torosidis ɗin dai shi ya ci ta biyu, 2-1, nasararsu ta farko kenan a tarihin gasar cin kofin duniya. Na kalli wasan nan a Agege cikin mutanenmu, gidan kallo ya yi tsit kamar an yi rasuwa, kuma abin ya fi mana ciwo don ɗanmu ne ɗan Kano, washegari a kasuwa duk wanda ya gan ka sai ya jefo maka magana. Zagin da aka yi wa yaron nan bayan wasan ya wuce hankali, ban taɓa yarda da shi ba. Amma in ka tambaye ni a matsayin alƙali, da ni ne a filin da jan zan ɗaga, ba ni da wata mafita.

Dalilin da ya sa doka ta tsaya a haka, ka yi tunanin akasin sa. A ce an yarda duk wanda aka tsokana yana da haƙƙin ramawa. Wa zai auna tsokanar? Ni na ce ya zage ni, shi ya ce bai zage ni ba, na riga na fasa masa baki. Ramuwar gayya kuma ka san ta fi gayya zafi, wanda aka rama a kansa shi ma zai ce an wuce gona da iri sai ya rama, abokansa su shigo, kafin minti talatin wata ƙungiyar ta koma ƙasa da mutum bakwai, wanda a doka daga nan wasa ya mutu. Shi ya sa aka ce hukunci na mutum ɗaya ne a fili, kai naka ka kai ƙara.

Sannan akwai maganar ido da kunne, wannan ita ce mutane ba sa so su gane. Zagi shi ma fa jan kati ne a doka ta 12, baƙar magana ko cin mutunci ko ashar, a rubuce yake. Matsalar ita ce sai na ji da kunnena ko mataimakina ya ji. Mai tsokana kuma gwani ne, ba ya yi sai ya ga na juya baya ina bin ƙwallo, zai matso kusa da kunnenka ya raɗa maka, ya taka maka yatsa lokacin kwana, ya mintsine ka a haƙarƙari, ya ja maka wando. Kai kuma da zuciya ta ɗebe ka ba ka duba inda nake, a gaban kowa za ka yi. A nan Legas abin ya ma fi wuya don fili ɗaya za ka ji Yarbanci da Ibo da Burokin da Hausa, yaro zai zagi uwar wani da yaren da ban iya ba a gabana ina kallon bakinsa ban san me ya ce ba. Kuma yaranmu sun san yadda ake jan kalmar "aboki" da wata irin murya ta raini, a takarda kalmar ba zagi ba ce, wanda aka gaya wa kuwa ya san me ake nufi. Ta yaya zan rubuta wannan a rahoto?

Ka dubi na Zidane na Faransa, wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2006 da Italiya a Berlin, minti na 110. Materazzi na Italiya ya faɗi magana a kan 'yar'uwar Zidane, shi da kansa ya amsa daga baya, Zidane ya juyo ya sa masa kai a ƙirji. Alƙalin wasa Horacio Elizondo ɗan Ajantina bai ma ga karon ba, alƙali na huɗu Medina Cantalejo ne ya gaya masa, balle ya ji abin da aka faɗa. Ya kori Zidane, Italiya ta ci a bugun fenariti. Sai bayan gasa FIFA ta zauna ta saurari kowa, ta dakatar da Zidane wasa uku Materazzi wasa biyu, aka kuma ci su tara su biyun. Ka ga an hukunta mai tsokanar amma kofin ya riga ya tafi Italiya. Haka Beckham na Ingila a gasar duniya ta 1998, Simeone na Ajantina ya buge shi ta baya ya faɗi, yana kwance ya ɗaga ƙafa ya shure shi a gaban Kim Milton Nielsen, Simeone ya samu gargaɗi Beckham ya samu ja, Ingila ta fita. Nan ne nake ba ka gaskiya ƙanena, akwai rashin daidaito, mai wayo yana cin ribar mai zuciya, kuma har yau ba a samo maganin wannan gaba ɗaya ba.

Yanzu ga inda nake ɗora mana laifi mu masu usur.

Ramuwa ba ta faɗowa daga sama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan wasa yana ramawa ne ranar da ya yanke ƙauna cewa alƙali zai kare shi. Minti goma sha biyar na farko 'yan wasa gwada ka suke yi, ɗan baya zai kai wa ɗan gaba mai yanka shara ta farko yana kallon fuskarka ta gefen ido, in ka yi shiru ya san yau kasuwa a buɗe take. Kuma akwai wata al'ada da take damun alƙalai da yawa har manya, wai kar ka ba da kati da wuri kar ka ɓata wasa, ko wai wasan ƙarshe ne a bar su su goma sha ɗaya-ɗaya. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Keta a minti na biyu da keta a minti na tamanin doka ɗaya ce.

Misalin da nake ba yara masu koyon alƙalanci kullum shi ne Brazil da Kolombiya a gasar duniya ta 2014 a Fortaleza. An yi keta 54 a wasan nan, Fernandinho ya yi ta bin James Rodriguez yana kayar da shi ba a ba shi ko gargaɗi ba, alƙali Velasco Carballo ɗan Sifen bai zaro katin farko ba sai bayan an wuce awa guda ana wasa. To 'yan Kolombiya su ma suka ga ashe haka ake yi, gab da tashi Zuniga ya taho ya sa wa Neymar gwiwa a gadon baya, ƙashin baya ya tsage, aka ɗauke shi a makara, gasarsa ta ƙare, kuma ko kati ba a bayar ba. Kowa ya zagi Zuniga, ni kuma na ce wanda ya bar wasa ya kai nan shi ma a tambaye shi. Alhali doka ta ba mu makami, akwai gargaɗi na yawan maimaita keta, ko da kowace ɗaya ƙarama ce in suka taru kati ne, kuma in ka ga ƙungiya tana karɓa-karɓa a kan mutum ɗaya, wannan ya buge shi wancan ya buge shi don kar kati ya hau kan kowa, ka kira kyaftin ka ce na gaba da ya taɓa shi ko wane ne shi zai ɗauka.

A wannan gasar dai, mu ma an yi mana. Wasanmu da Faransa a Brasilia, Matuidi ya taka Onazi a idon sawu da ƙusoshi, aka fitar da shi a makara, Mark Geiger ɗan Amurka ya ba da gargaɗi kawai. Duk alamomin da na lissafa maka a sama suna nan a wannan ketar. Tsakiyarmu ta mutu daga nan aka ci mu 2-0. Sai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2010 da De Jong na Holan ya ɗaga ƙafa ya daki Xabi Alonso na Sifen a ƙirji, alƙali Howard Webb ya ba da gargaɗi, daga baya shi da kansa ya yarda ja ya kamata.

Amma kar ka ɗauka yawan kati shi ne riƙe wasa, a'a. Fotugal da Holan a Nuremberg 2006, Valentin Ivanov ɗan Rasha ya ba da gargaɗi 16 da ja 4, kuma ya fara tun minti na biyu, duk da haka wasa ya kuɓuce masa. Me ya sa? Tun farkon wasa Boulahrouz ya sa wa Ronaldo ƙusoshi a cinya har ya kasa ƙarasa rabin farko ya fita yana hawaye, aka ba da gargaɗi a inda ja ya dace, 'yan Fotugal suka ce to mu ɗauki fansa da kanmu. Figo ya yi wa Van Bommel karo da ka shi ma gargaɗi. In katin da ka ɗaga bai yi daidai da girman laifi ba, ko guda ashirin ka ɗaga ba wanda zai ji tsoronsa. Katin ma asalinsa don a fahimci juna aka ƙirƙiro shi, bayan rikicin Ingila da Ajantina a 1966 da alƙali Bajamushe ya kori Rattin kyaftin ɗin Ajantina, shi kuma ya ƙi fita yana cewa bai gane ba, sai wani alƙali ɗan Ingila Ken Aston ya ɗauko dabarar daga fitilar kan titi, aka fara amfani da shi a Meziko 1970.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin kuma har yau yana damuna. Gasar bayan sallah ce ta 'yan kasuwa a wani fili ta wajen Agege, akwai wani ƙaramin yaro mai buga gefe, siriri, Allah ya ba shi ƙafa. Ɗan bayan ɗaya ƙungiyar ya girme shi sosai, ya share shi sau ɗaya na busa, na biyu na kira shi na yi masa magana da baki, na uku na sake magana don ina ganin jama'a sun cika fili kar in tada hankali da wuri. Yaron ya zo ya same ni yace "Baba kana gani fa", nace masa je ka yi wasanka ina gani. Bayan hutu suka tashi sama neman ƙwallo, tana wucewa ya juya ya sa wa mutumin gwiwar hannu a hanci, jini ko'ina. Na ba shi ja, dole ne. Da zai fita bai zage ni ba, kallo na kawai ya yi yace "sau uku fa Baba". Na koma gida ban iya cin abinci ba, don da na ɗaga gargaɗi a shara ta biyu da hancin wancan yana nan lafiya, yaron nan kuma ya ƙarasa wasansa. Tun ranar na daina yi wa mai maimaita keta magana sau biyu.

Za ka ce to ai yanzu akwai VAR, wato alƙalin da ke duba bidiyo. Eh ya taimaka, tun da aka kawo shi gasar duniya a 2018 da Firimiya a 2019 dukan bayan ido ya ragu, irin cizon da Suarez ya yi wa Chiellini a 2014 alƙali bai gani ba sai daga baya aka dakatar da shi wasa tara da wata huɗu, yau da wuya ya ƙarasa wannan wasan. Amma abu huɗu aka kawo VAR ya duba, cin ƙwallo, fenariti, jan kati na kai tsaye, da in an ba wani kati a madadin wani. Ba ya jin raɗa, ba ya ƙirga ƙananan keta, kuma mutum ne a zaune a gaban allon. A 2020 Pickford golan Everton ya shiga Van Dijk na Liverpool ya tsinka masa jijiyar gwiwa, hankalin alƙalai duk ya tafi kan satar gida aka manta da ketar, alhali satar gida ba ta goge jan kati. Mu kuma a filayenmu na nan babu allo babu komai, daga kai sai masu tuta biyu, wani lokacin ma ɗaya.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka ka gaya wa 'yan gidan kallonku, alƙali shi ma mutum ne mai iyali. A Ingila Di Canio ya ture Paul Alcock a 1998 aka dakatar da shi wasa 11, Mitrovic ya ture Chris Kavanagh a 2023 aka ba shi wasa 8, wato akwai hukuma a bayan alƙali. A Turkiyya kuwa a Disambar 2023 shugaban kulob ɗin Ankaragucu ne da kansa ya shigo fili ya naushi Halil Umut Meler har aka tsayar da gasar ƙasar. To ka yi tunanin alƙalin unguwa da babu shinge tsakaninsa da 'yan kallo, babu ɗan sanda, kuma bayan wasa da su zai tsaya a tasha ɗaya yana jiran danfo. In ya ga keta ta ja a minti na biyar daga ɗan gida, hannunsa zai je aljihu ya dawo. Na ga abokan aiki da aka yi wa duka a kan hukuncin da yake daidai, wasu sun ajiye usur har abada. In masu shirya gasa suna so a kori mai keta tun da wuri to su sa igiya ko shinge, su kawo tsaro, su biya alƙali kafin wasa ba bayan wasa a hannun ƙungiyar gida ba, su kuma bi tsarin nan da aka fara a gasar Turai ta 2024 na kyaftin kaɗai ke zuwa wajen alƙali.

Kai kuma in kana buga wasa a unguwa aka sa ka gaba, kar ka yi shiru kuma kar ka rama. Gaya wa kyaftin ɗinka ya je ya faɗa da lambar rigar mutumin, ka gaya wa mai tuta na ɓangarenka don shi ya fi ganin abin da ake yi a bayan alƙali, in zagi ne ka maimaita wa alƙali kalmar da aka faɗa a take ko da bai ji ba, don daga nan kunnensa zai koma wajen. In koci ya ga idonka ya yi ja gara ya canza maka gefe ko ya cire ka minti goma kafin ka cire kanka. Ranar Asabar mai zuwa ina da wasa da yamma ta wajen Mile 12, in ka samu dama ka zo ka tsaya kusa da mai tuta, ka bar kallon ƙwallo ka kalli ɗan baya da ɗan gaba lokacin da take can ɗaya ɓangaren, bayan wasa sai mu yi magana.